Injin goge fentin mota: wace lamba za a sa shi don kada a ƙona motar mutane?



Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya a shekarar 2023, aikin lodin manyan motoci ya ja baya, samari da yawa suka koma neman abinci ta wata hanyar. Daga cikin 'ya'yanku akwai waɗanda suka kama wankin mota da babur a bakin tasha da kewayen babbar kasuwa. Wasu ma sun yi karo-karo sun sayi injin goge fenti mai rahusa, irin wanda soso ke juyawa a bakinsa, saboda mai mota ya fi sakin kuɗi idan ya ga motarsa tana sheƙi. Sana'a ce mai kyau, Allah ya sa mata albarka.

Abin da ya sa muka yi wannan rubutu shi ne wata ƙara da aka kawo mana a teburin kariya. Wani saurayi ya karɓi baƙar mota da tsakar rana, ya murɗa injin zuwa lamba ta ƙarshe don ya gama da wuri. Soson na hawa kan gefen murfin inji sai fentin ya ƙone, har shafin ƙasa ya bayyana. Mai motar ya riƙe injin da takardar shaidar yaron, ya ce sai an biya shi kuɗin sabon fenti. An sasanta, takardar ta dawo, amma iyalin sun shiga bashi. Garin neman gira aka rasa ido. Bayan haka muka zauna da masu fentin mota na cikin gari, muka tambaye su yadda ake aiki da wannan inji. Ga abin da muka tattaro.

Abin da injin ke yi wa fenti

Mutane da yawa suna zaton injin shafa wa mota sheƙi yake yi. A gaskiya kankare fentin yake yi kaɗan-kaɗan har ƙananan ƙarce-ƙarce su baje. Yawancin motocin da ake kawowa daga Kwatano fentinsu hawa uku ne: shafin ƙasa, sai launi, sai shafin sama mai kama da gilashi, wanda ake rubuta wa "vernis" a jikin gwangwani. Wannan shafi na sama bai wuce rabin kaurin takardar da ke hannunku ba. Abin da inji ya cinye daga cikinsa ba ya dawowa sai an sake fesa fenti.

Gogayyar soso da bodi tana kawo zafi. Gwargwadon gudun injin, gwargwadon zafin. Idan zafi ya yi yawa a wuri ɗaya, shafin sama ya kan yi laushi, soson ya kwashe shi cikin ƙiftawar ido.

Ma'anar lambobin da ke jikin injin

A bayan injin akwai ɗan faifai mai lamba, yawanci daga 1 zuwa 6. Lambar ita kaɗai ba ta gaya muku gudun injin. Ku duba takardar da aka manna a jikinsa, wurin da aka rubuta "r/min" ko "tr/min". Wannan shi ne yawan juyin da sosan ke yi a minti ɗaya.

Idan an rubuta 600 zuwa 3,000, to lamba 1 juyi 600 ne, lamba 2 wajen 1,100, lamba 3 wajen 1,500, lamba 6 kuma 3,000. Idan an rubuta 1,000 zuwa 3,000, lamba 2 ta kai wajen 1,400, lamba 3 kuwa wajen 1,800. Kun ga ke nan lamba 3 ta injin abokinka ba lallai ta zama daidai da lamba 3 ta naka ba. Kowa ya karanta nasa.

Girman soso ma yana da tasiri. Babban soso mai faɗin milimita 180, idan yana juyi 1,500 a minti, bakinsa na gudun kusan kilomita 50 a awa a kan fentin. A juyi 3,000 gudun ya haura kilomita 100 a awa. Ƙaramin soso mai milimita 125 a juyi 1,500 gudunsa wajen kilomita 35 ne a awa, shi ya sa ya fi sauƙi ga mai koyo.

Lambar da ta dace da kowane mataki

Na farko, baza man gogewa. A ɗiga shi kaɗan a kan soso, a dangwala a wurin da za a goge, a ɗora soson a kan bodi kafin a kunna. A fara da lamba 1. Idan aka fara da gudu, man zai fantsama ne kawai, a yi asararsa.

Na biyu, cire ƙarce. A ƙara zuwa juyi 1,200 ko 1,500, wato lamba 2 ko 3 gwargwadon injin. Mai koyo kada ya wuce nan. A ɗauki wuri kaɗan, kamar kamu ɗaya tsawo kamu ɗaya faɗi, a riƙa tafiya da injin a hankali, hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Soson ya kwanta sosai a kan bodi, kada a karkata shi, kada kuma a tsaya wuri ɗaya ko na daƙiƙa biyu.

Na uku, fito da sheƙi. A canza zuwa soso mai laushi da man gogewa mai laushi, a sauko zuwa juyi 900 ko 1,000, a sassauta hannu. Wannan ne ke share zanen da'ira da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haske ta.

Lamba 4 zuwa 6 a bar su. Babu abin da mai wankin mota zai yi da su a kan fenti.

A gefen ƙofa, gefen murfin inji da duk inda bodi ya yi tudu, fenti ya fi siriri. A rufe wuraren da tef ɗin takarda, ko a goge su da hannu. Bamba ta roba da murafen babur ba sa fitar da zafi kamar ƙarfe, don haka lamba 1 ta ishe su. Lokaci-lokaci a ɗora bayan hannu a wurin da ake gogewa. Idan hannu ba zai iya zama a kai ba, a tsaya ya huce. Idan kuma kuka ga launin motar yana fita a jikin soso, a dakata. Ko dai fentin tsohon yayi ne marar shafin sama, ko kuwa an riga an cinye shafin. A tambayi mai fenti kafin a ci gaba.

Halin injin mai rahusa

Injin mai tsada yana riƙe gudunsa ko an danna shi. Mai rahusa kuwa da an danna sai gudunsa ya faɗi, sai mai aiki ya ƙara lamba, da ya sassauta hannu kuma sai injin ya zabura. Nan ne ake yawan ƙona fenti. Maganin shi ne a rage danni, a bar nauyin injin ya yi aikin. Haka nan idan ya daɗe a ƙaramar lamba ya kan ɗauki zafi, domin fankar cikinsa ita ma a hankali take juyawa. A riƙa ba shi hutu. Idan wutar janareta tana hawa da sauka, za ku ji kukan injin yana canzawa. A ɗaga shi daga kan mota har wutar ta daidaita.

Kada a ɗaura soso a injin yankan ƙarfe na masu walda. Ƙaraminsa na juyi sama da 10,000 a minti. Zai ƙona fenti nan take, soson ma na iya tarwatsewa ya ji wa mutum ciwo.

Rana da ƙurar Malanville

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40, bodin da ya kwana biyu a rana kuwa ya fi haka nesa. A yi aikin da sassafe ko da yamma, a ƙarƙashin rumfa. Lokacin hunturu ƙura na sauka a kan mota tun kafin ta bushe. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin soso ta isa ta zane ƙofa gaba ɗaya. A wanke motar tas, a tsane ta, a ajiye soso a cikin leda, kada a ajiye shi a ƙasa.

Lafiyarku da haƙƙinku

Ruwa da wutar lantarki ba sa haɗuwa. A gama wanki, ƙasa ta bushe, sannan a jona inji. A sa takalmin roba, a rataya wayar a kafaɗa, a naɗe hannun riga. Mayafi, rawani da carbi a wuya duk inji na iya fizgarsu. A rufe hanci da baki, a kare ido. Iyaye su lura: dokar aiki ta Benin ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, wannan inji kuma na manya ne.

Kafin a taɓa motar kowa, a samo tsohuwar ƙofa daga wurin makanikai a koya a kanta. Idan an kawo aiki, a zagaya motar tare da mai ita, a nuna masa duk ƙarce da ke jiki, a ɗauki hoto da waya. Ƙarcen da farce ke maƙalewa a ciki ya yi zurfi, inji ba zai cire shi ba, a faɗa masa tun farko. A yi ciniki a gaban shaida.

Idan tsautsayi ya faru, kada a gudu, kada a yi faɗa, kada kuma a ba da takardar shaida jingina. A zo teburin kariya da wuri, akwai masu fassara Hausa, Dendi da Faransanci da za su zauna da ku da mai motar. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa samarin gidansu wannan bayani.

Allah ya tsare, ya ba da sa'a.