Batirin Kwamfuta In Ya Tsufa: Abin Da Na Gani A Wanke

A cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin bazara ya kai matuƙa, na fita rangadin duba ɗaliban da kwalejinmu ta aika koyon aikin malanta. Cikin wuraren da na sauka har da Wanke, a ƙasar Gusau. Can na tarar da wani al'amari wanda na ga ya kamata in kawo shi gaban malamai da akawuna, domin na tabbata ba mutum ɗaya ya shafa ba.

Wani malami, saurayi mai himma, ya fito mini da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka zai nuna mini sakamakon ajinsa. Irin manyan nan ce da aka ƙera domin wasanni, ya saye ta gwanjo don an ce masa ta fi sauran sauri. Cikinta yake ajiye sunayen yara da makinsu, da ita kuma yake koya wa 'yan ajin ƙarshe amsa tambaya a kwamfuta, gama tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Yaron da bai taɓa ɗora yatsa bisa madannai ba, in ya shiga ɗakin jarrabawa a Gusau, wajen neman haruffa lokacinsa zai ƙare. Watau na'urar nan guda ita ce gatan yaran.

Da ya kunna ta, ba ta kai minti 15 ba ta mutu. Na lura kuma ba ta zauna daidai bisa tebur ba, murfinta na ƙasa ya ɗaga. Na ce, "Malam, tun yaushe ta yi wannan ciki?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta kai wata 2, na ɗauka zafi ne ya tanƙware robar." Na tambaye shi inda take kwana, ya ce ƙarƙashin matashinsa, sabo da ɓarayi. Nan fa gabana ya faɗi, domin batirin ne ya kumbura.

ABIN DA KE TSUFAR DA SHI

Batirin da ke cikin kwamfutoci da wayoyinmu na sinadarin litiyam ne. Kamfanin Sony na Japan ya fara kawo shi kasuwa a 1991, a 2019 kuma aka ba masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar Nobel sabo da shi. Yana ɗaukar wuta mai yawa cikin ɗan ƙaramin jiki, amma fa kwanansa ƙidayayye ne. Galibi in an cika shi an ƙarar sau 300 zuwa 500, abin da yake iya riƙewa yakan sauko wajen kashi 80 cikin 100, daga nan sai ya yi ta raguwa.

Babban abokin gabarsa shi ne zafi. Mu kuwa a nan, cikin Maris da Afrilu, zafi yakan kai digiri 40 har ya wuce. Kwamfutar wasanni kuma da nata zafin take tafe, domin cajar kwamfuta ta yau da kullum wat 45 zuwa 65 take bayarwa, tata kuwa takan kai 180 ko 230. Ga zafin gari, ga na injin, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka. Abu biyu kuma suna ƙara masa tsufa: barinsa kullum jone da wuta alhali ya cika fal, da barinsa ya ƙare ƙurmus a ajiye shi mako da makonni, kamar yadda kan faru a ƙauyen da sai an sami janareta ko sola ake caji.

In ruwan sinadarin da ke ciki ya lalace, iska yake fitarwa, iskar nan ce ke kumbura jakar batirin. In aka matse jakar ko aka huda ta, tana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A 2006 kamfanin Dell ya janye batura kimanin miliyan 4 daga hannun jama'a sabo da tsoron gobara, a 2016 kuma Samsung ya daina ƙera wayarsa Galaxy Note 7 kan wannan dalili. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

YADDA ZA KA AUNA NAKA

Ba sai ka jira kumburi ba. In kwamfutarka Windows take aiki da shi, buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar maka da rahoto mai lambobi biyu: abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, da abin da yake ɗauka yau. In na biyun ya sauko rabin na farkon, fara tanadin kuɗi. In kuwa ka ga murfi ya ɗaga, ko faifan da ake shafawa da yatsa ya tuɗo, daina caji a ranar.

SAYEN SABO

Araha ba ta ado. Kada ka dogara da sunan kwamfutar kaɗai, gama iri ɗaya yakan zo da batura daban-daban. A jikin tsohon batirin akwai lambarsa, da ƙarfin wutarsa, misali 11.4V ko 15.4V, da yawan abin da yake ɗauka, wanda ake rubutawa da Wh. Kwafe su duka a takarda, ko ka ɗauki hotonsu, ka aika wa wanda zai sayo maka a Gusau ko Kano, don kada a yi tafiya biyu a wannan zamani da hanya ba ta da sauƙi. Lalle lambar da ƙarfin wutar su zama daidai da na tsohon.

Ga wata dabarar gane jabu. Jiragen sama ba su yarda fasinja ya shiga da batirin da ya wuce 100Wh ba sai da izini, sabo da haka masu ƙera kwamfutoci ba sa ƙetare wannan iyaka. Wanda ya ce maka nasa na ciki 150Wh ne, ruɗinka yake. Dubi kuma shekarar da aka ƙera shi, domin batiri yana tsufa ko a kanta yake ajiye. Ka nemi rasit da alkawarin canji a rubuce.

RANAR CANJI

Da fari kwafe dukan takardun aiki zuwa wani wuri dabam. Bar batirin ya sauko ƙasa da kashi 25, ka kashe na'urar sarai, ka zare caja. Kwance sukurorin murfin ƙasa, kana jera su bisa takarda yadda ka fid da su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya yin ɓarna. Kafin ka taɓa kome, zare kan wayar batirin daga mazauninsa. Kan za ka kama, kada ka ja wayoyin. Kada ka ɓanɓare batiri da wuƙa ko wani ƙarfe. Tun da ka riga ka buɗe, share ƙurar fanka. Sa sabon, ka mai da murfi, ka cika shi fal, ka yi aiki da shi har ya kusa ƙarewa, sa'an nan ka sake cikawa, don na'urar ta san ma'auninsa. Kwamfutoci da yawa suna da wurin da ake tsai da caji a kashi 60 ko 80. Kunna shi, zai ƙara wa batirin kwana. Wanda ya san hannunsa na rawa, ko batirinsa ya riga ya kumbura, ya kai wa mai gyara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

TSOHON FA?

Kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta, kada kuma a bar wa yara su fasa. Sa shi cikin gwangwani da yashi, a inuwa, nesa da danni da rumbu, har a mai da shi ga masu gyara. Mu mutanen Zamfara mun san illar sakaci da guba: a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Batirin kwamfuta ba dalma ke cikinsa ba, amma na mota da yawancin na sola ita ce, su ma kada a fasa su cikin gida.

Malamin nan a ranar ya daina kwana da na'urarsa. Bayan mako 3 ya aiko mini da labari an canja batirin, yanzu tana kai shi har ƙarshen darasi. Sai dai kuɗin daga albashinsa suka fito, alhali aikin makaranta take yi. Ina roƙon shugabannin makarantu da akawunan ƙananan hukumomi su buɗe rajista, a rubuta kowace kwamfuta da shekarar batirinta, a riƙa auna shi kowane zangon karatu, a kuma sa kuɗin canjinsa cikin kasafi kamar yadda ake sa na alli da takarda. Allah ya sa mu gyara tun abu bai ɓaci ba, amin.