Filin da Ganuwa ta Kewaye: Birnin Zazzau daga Tsohuwar Taswira zuwa Hoton Tauraron Ɗan'adam

Duk wanda ya ajiye taswirar Zariya da ma'aikatan safiyo na tarayya suka buga a shekarun 1960 kusa da hoton tauraron ɗan'adam na yau, ganuwa zai fara nema. A taswirar tana nan a zagaye, tsawonta wajen kilomita 15, da ƙofofinta takwas: Doka, Tukur-Tukur da ake kira Kibo, Jatau, Kuyambana, Gayan, Kona, Galadima da Bai. A hoton yau kuwa sai an ƙura ido. Nan tudun jar ƙasa ne da ciyawa ta lulluɓe, can titi ne ya lanƙwasa yana bin sawun bangon da ya daɗe da zubewa, gaba kaɗan kuma gidaje ne aka jera a kan gadon bayanta.

Wannan ita ce asarar da ake yawan kokawa a kanta a taruka da jaridu, kuma kukan yana kan hanya. Sai dai a ganina abin da ya fi ɓacewa tsakanin hotunan biyu shi ne abin da ganuwar ta kewaye, wato fili: gonaki, fadamu, lambuna da kududdufai. Zubewar ganuwa tarihi take taɓawa. Cikewar filin kuwa ta shafi ruwan da ake sha da wanda yake shiga ɗaki da damina.

Magabata ba su gina ganuwa daidai bakin gidajensu ba. Sun ja ta nesa, suka haɗa da ƙasar noma da rafi, domin in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a sami abin ci da wurin kiwo, a kuma sami inda mutanen karkara za su sauka da dabbobinsu. Tsohuwar ganuwar da ta nufi Dutsen Kufena ta yamma, wadda masu binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello irin su John Sutton suka bi sawunta a shekarun 1970, ta ma fi nuna wannan dabara, don filin da ta rungume ya fi ƙarfin gidajen kowane zamani. Da matafiyi Bature Hugh Clapperton ya sauka Zariya a 1826, kimanin shekara ashirin bayan Malam Musa ya karɓi garin daga hannun Sarki Makau, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 40,000 da 50,000, amma abin da ya bayyana a cikin ganuwa unguwanni ne a warwatse, da gonaki da fadamu da dogayen itatuwa a tsakaninsu. Itatuwan nan, musamman rimaye, har yau suna raye a bakin mutane: Rimin Doko, Rimin Tsiwa, Rimin Danza. Haka ma Rafin Albasa da Fadamar Bono, sunayen wuraren da ɗan yau zai ratsa bai ga albasa ko fadamar kirki ba.

Abin mamakin shi ne daɗewar da wannan fasali ya yi. Har ƙarshen shekarun 1960, lokacin da Friedrich Schwerdtfeger yake auna gidajen birni ɗaki-ɗaki, Michael Mortimore da abokan aikinsa na sashen labarin ƙasa kuma suna haɗa littafinsu kan Zariya da kewayenta wanda ya fito a 1970, gona da fili sun fi gini yawa a cikin ganuwa. Dalilin yana cikin taswirar Turawa. Bayan sun kama garin a 1902, duk wani sabon abu a waje suka ajiye shi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, tasharsa tana ƙetaren kogin Kubanni. Aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar kudu, aka yanka Tudun Wada a bayan Ƙofar Doka domin baƙi 'yan arewa, Turawa suka keɓe unguwarsu da tazarar da ba a gini. Gonar gwaji ta tafi Samaru, inda daga baya jami'a ta zauna a 1962. Ko ɗan mishan Likita Mila da ya zauna a cikin birni tun 1905, a 1929 aka mayar da mishan ɗinsa Wusasa. An yi wannan rabe-rabe ne don sauƙin mulki da wariya, kuma illarsa ga zaman tare ba ɓoyayya ba ce. Amma ya kau da matsin baƙi daga cikin ganuwa har shekara sittin.

Saboda haka cikar birni daga ciki ta taso. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Zariya mutum sama da 400,000, ban da na Sabon Gari, kuma an haifi wasu masu yawa tun daga lokacin. Ga shi Bazazzagi ba ya son yin nisa da gida. Zauren da yake ɗaukar karatu, masallacin unguwa, maƙabartar iyaye, dangin da za su taru in an yi haihuwa ko rasuwa, duk suna ciki. Mutum yana aiki a Kwangila ko Samaru, amma in an tambaye shi inda zai yi gini sai ya ce cikin gari.

Sai rabon gado. A da gida guda gandu ne: zaure, shigifa, sassa, da bayan gida inda ake shuka masara da kuɓewa, ga turken awaki. Mai gida ya rasu, 'ya'ya suka ce a raba. Aka ja igiya, kowa ya sami rabonsa, ya kewaye da bulo, ya fasa ƙofarsa. Bayan gidan nan shi ake fara ginewa, don shi ne babu abin rushewa a cikinsa. Gonar gado da ke wajen unguwa ita ma ba a bar ta ba: magada goma ba za su noma kadada ɗaya su ƙoshi ba, ga dillali yana zarya da farashin da amfanin shekara ashirin ba zai kawo ba. Aka yanka fulotai, aka bar lungun da Keke Napep ke shiga da ƙyar. Babu wanda ya yi laifi a cikin wannan, kowa haƙƙinsa ya karɓa. Amma in aka tara irinsa dubu, shi ne launin toka da ya mamaye hoton tauraron na yau.

Labarin kududdufi ya fi kowanne nuna yadda abu ɗaya ke jan wani. Kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne. Kowace unguwa da nata, domin gidan ƙasa kullum yana neman ƙasa: a buga tubali da rani, a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Da damina kuma duk ruwan da indararo ya zubo, lungu ya kwaso, can yake taruwa ya kwanta, ya riƙa tsatsafowa cikin rijiyoyin maƙwabta har tsakiyar rani. Ba wanda ya zana wannan a takarda, amma magudanar ruwa ce cikakkiya, da ma'ajiyarta. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, siminti da bulo da kwano suka samu karɓuwa, magina suka daina zuwa ramin. Abin da ba a amfani da shi kuwa bola yake zama. A je bakin kowane kududdufi da ya rage a gani: toka da shara da leda sun yi tudu daga gefe guda, awaki suna kiwo a kai, ruwan ya koma kore. Shekara kaɗan sai wani ya kawo tifa biyu ta ƙasa ya daddale, ya kafa harsashi a kan sharar. Wanda ke bayansa ya ga an yi ba a ce komai ba, shi ma ya matso. A manhajar Google Earth, wadda ke ba mutum damar komawa hotunan shekarun baya, ana iya kallon baƙin ɗigon ruwan yana tsukewa daga hoto zuwa hoto har ya rufe.

Ruwan sama kuwa bai ragu don an cike ramin ba. Zariya tana samun wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Rufin soro da tsakar gida ta ƙasa suna shan wani abu su jinkirta saura. Kwano da daɓen siminti ba sa shan ko ɗigo, gaba ɗaya suke tura shi waje a lokaci guda. Ruwa ya ƙaru, wurin kwanciyarsa ya ragu, rafin Kamaca da ke kwashe shi zuwa Kubanni an matse shi da gini da shara. Sai ya bi lungu, ya shiga gidan da ya fi kwari, wanda sau da yawa shi ne aka gina a kan tsohon kududdufin. Ta ƙarƙashin ƙasa ma akwai lissafi. Gidan da ya rabu biyar ya zama da masai biyar, kowanne taku kaɗan daga rijiyar wani. Mai hali ya haƙa burtsatse ya zurfafa, rijiyar marar hali ta ƙafe da wuri. Rimi da durumi da aka sare don a sami wurin ɗaki, zafin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano yana tuna wa mutane da su.

Ganuwar kanta hanya ɗaya ta bi da kududdufi. A da aikin gayya ne, sarki ya sa a yi shela, kowace unguwa ta gyara rabonta bayan damina. Da yaƙi ya ƙare, gayyar ta mutu, ruwa ya yi ta zaizaya, masu neman jar ƙasa suka yi ta ɗiba. Tana cikin jerin kayan tarihin da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke da alhakin karewa, amma doka a takarda ba ta tsare bangon kilomita 15. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ikon En'e, wato hukumar gargajiya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Mai unguwa da ya san iyakar kowane hurumi ya rasa ikon hanawa, jami'in da ke da ikon kuma bai san iyakar ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Duk da haka, wanda ya zauna a ofis mai sanyi yana kewar tsohon birni ya kamata ya yi adalci. Kududdufi matattarar sauro ce, kuma ba unguwar da ba ta da labarin yaron da ya faɗa ciki. Gidan ƙasa yana da sanyi da kyau, amma yana cin kuɗi da ƙarfi kowace shekara, ga gwanayen magina sun yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830, ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Bayan wannan da wuya a ga laifin magidancin da ya ce shi dai a buga masa kwano. Kuma gonar da ta zama gidaje ta ba dubban iyalai wurin kwana kusa da danginsu, ba tare da haya ba. Abin da ake tuhuma shi ne yadda aka cike ko'ina bai ɗaya, ba a ware inda ruwa zai bi ba, balle filin makaranta, maƙabarta, ko hanyar da motar kashe gobara za ta shiga.

Shi ma hoton sama a riƙa karanta shi da hattara, musamman ɗaliban da ke fitar da alƙaluman "bunƙasar gari" daga kwamfuta. Taurarin Landsat na Amurka sun fara ɗaukar hoto a 1972, kuma tun 2008 kowa na iya saukar da su kyauta, shi ya sa ake yawan dogara da su. Amma ɗigo guda a hotunan farko ya kai faɗin mita 80, na baya-bayan nan mita 30, wato ya fi fuloti mai ƙafa 50 da 100 girma. Ƙaramin kududdufi ba zai fito ba sam. Sannan rufin soro da ƙasar fili launinsu ɗaya ne daga sama. Unguwar da ta shekara ɗari a ginuwa tana iya fitowa fili a hoton 1975, ta fito sabon gari a na 2005, alhali rufi kawai aka sauya. Hoton watan Maris da na Satumba kuma kamar garuruwa biyu ne. Wanda yake son gaskiyar lamari sai ya haɗa da tsofaffin hotunan jirgin sama da aka yi taswirar safiyo da su, ko na taurarin leƙen asirin Amurka na Corona da aka saki a 1995, waɗanda suka fi nuna abu dalla-dalla, sannan ya sa takalmi ya shiga lungu ya tambayi dattawa.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: taswira ba shaida kaɗai ba ce, tana cikin masu hannu a lamarin. Safiyon Turawa ya auna Sabon Gari da Tudun Wada fuloti-fuloti, ya bar cikin ganuwa ga En'e da ƙwaƙwalwar masu unguwanni. Abin da ba a zana ba kuwa, ranar da rigima ta tashi, ba shi da mai kare shi. Yanzu Jihar Kaduna tana da hukumar KADGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i don yi wa filaye rajista ta hanyar hoton sama da kwamfuta. Wannan dama ce, kuma haɗari ne. Rajista tana amfanar wanda ya zo da takarda ya bi layi. Wanda ya cike rabin kududdufi zai zo, ya fita da shaidar mallaka. Ragowar rabin, da gefen Kamaca, da guntayen ganuwar da ke tsaye, ba wanda zai bi musu layi, sai in masarauta da ƙaramar hukuma sun ɗauki abin a matsayin nasu, sun sa masu unguwanni sun zagaya da ma'aikatan safiyo an kafa duwatsun iyaka, an shigar da su rajista da sunan jama'a kafin a ba maƙwabtansu takarda. Kuɗin wannan bai kai na kwalta kilomita ɗaya ba, kuma dattawan da suka yi iyo a waɗannan ramuka suna yara, suka san inda kowanne ya tsaya, da yawansu suna nan da ransu a Kwarbai da Ƙaura da Limancin Kona.