Abin da Takardun Ƙirƙira Ke Gaya wa Mai Iya Karanta Su

A bakin kogin Potomac, kudu da birnin Washington kaɗan, akwai wani gari da ake ce da shi Alexandria, cikin jihar Virginia. A nan ne babban ofishin gwamnatin Amurka mai rajistar sababbin ƙirƙire-ƙirƙire yake zaune tun shekarar 2005. Kowace Talata ofishin nan yakan fitar da takardu dubbai, kowace tana shaida cewa wane ne ya fara gano wata dabara, ko ya ƙera wata na'ura, ko ya haɗa wani magani. 'Yan kasuwa da masana sun koyi tara waɗannan takardu su karanta su gaba ɗaya, don su gane inda abokan gasa suka dosa, su kuma auna garin da ya fi wani hazaƙa.

Da farko ya kamata a san cewa takardar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mutum da hukuma. Hukuma takan hana kowa ya kwaikwayi abin da mutumin ya ƙirƙira ya sayar, sai da izninsa, har shekara 20 daga ranar da ya shigar da roƙonsa. Shi kuwa tilas ya tone asirinsa, ya rubuta yadda ake yin abin dalla-dalla, har wanda ya san sana'ar ya iya yi in ya karanta. Marini a Ƙofar Mata ta Kano yakan riƙe sirrin haɗin babarsa, ba ya koya wa kowa sai ɗansa ko yaronsa. Mai neman takardar ƙirƙira kuwa a bainar jama'a yake shimfiɗa nasa.

Takarda ta farko a Amurka an ba wani mai suna Samuel Hopkins ran 31 ga watan Yuli, 1790, saboda dabararsa ta fitar da gishiri daga tokar itace, irin wanda ake yin sabulu da shi, kuma Shugaba George Washington ne ya sa mata hannu. A watan Disamba na 1836 gobara ta ci ofishin a Washington, ta ƙone takardu wajen 10,000. A shekarar nan aka fara sa wa takardun lamba bi da bi. Lambar ta kai miliyan 10 a watan Yuni na 2018, ta kai miliyan 12 a watan Yuni na 2024, watau an ƙara miliyan biyu cikin shekara shida kacal.

A shafin farko na kowace takarda akwai sunan wanda ya yi ƙirƙirar da garin da yake zaune, da sunan kamfanin da ya mallake ta, da kwanan wata, da lambar da ke nuna fannin da ta shafa. Akwai kuma jerin tsofaffin takardun da suka gabace ta a kan wannan dabara, kamar yadda malami kan ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Tun ƙarshen shekarar 2000 kuma yawancin roƙe-roƙe akan buga su wata 18 bayan shigar da su, ko da ba a riga an amince da su ba.

To, a nan ne ɗan kasuwa mai wayo ke samun abin da yake nema. Sai ya sa kwamfuta ta tattaro dukan takardun abokin gasarsa na shekara goma, ta kasa su fanni fanni. Kadan ya ga kamfanin da aka sani da ƙera injin mai ya shiga shigar da roƙo a kan batir, ya san inda aka dosa tun kafin kaya su fito kasuwa, gama Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yakan duba sunayen masu ƙirƙira, ya ga wane gwani ya bar wannan kamfani ya koma wancan. Yakan duba kuɗin da doka ta ce a biya don takarda ta ci gaba da aiki, bayan shekara uku da rabi, da bakwai da rabi, da goma sha ɗaya da rabi. In kamfani ya daina biya, alama ce ya fid da rai daga wannan dabara. Duk wannan ba leƙen asiri ba ne a gaban shari'a, tun da hukuma ce da kanta ta buga.

Amma fa yawan takardu kaɗai yana ruɗin mai ƙirga. Kamfanin IBM ya yi shekara 29 a jere yana kan gaba wajen yawan takardu a Amurka, har Samsung na Koriya ta Kudu ya wuce shi a 2022. Shugabannin IBM sun ce da gangan suka daina tseren yawa. Saboda haka masana sukan fi lura da sau nawa takardun baya suka ambaci wata takarda, gama wadda aka yi ta ambata ita ce ta buɗe hanya.

Irin wannan lissafi ne ake auna garuruwa da shi. A 1993 wasu masana uku, Adam Jaffe da Manuel Trajtenberg da Rebecca Henderson, sun nuna cewa takardu sun fi ambaton waɗanda aka yi a yankinsu, watau ilimi ya fi saurin yaɗuwa tsakanin maƙwabta. A 2013 cibiyar bincike ta Brookings da ke Washington ta bayyana cewa kashi 63 cikin 100 na takardun ƙirƙira na Amurkawa daga manyan birane 20 suke fitowa, alhali kashi 34 na jama'ar ƙasar ne ke zaune a cikinsu. A kewayen Washington kuwa, mai bin takardun zai iske na magunguna sun taru a Bethesda da Rockville da Gaithersburg cikin jihar Maryland, kusa da babbar cibiyar binciken lafiya ta gwamnati. Tun dokar 1980 kuma, wanda ya yi ƙirƙira da kuɗin gwamnati wajibi ne ya faɗi haka cikin takardarsa, don haka ana iya bin sawun kuɗin jama'a har zuwa abin da suka haifar.

Washington ɗin ce kuma ta fi nuna ramin da mai ƙirga kan faɗa. Injiniyan hukumar sararin samaniya ta NASA da ke aiki a Houston, can jihar Texas, in ya yi ƙirƙira, takardar takan fita da sunan shugaban hukumar, da adireshin Washington. Wanda ya ƙirga bisa adireshin mai mallaka zai ba Washington yabon da ba nata ba ne. Sai an ƙirga bisa garin mai ƙirƙira kana lissafi ya daidaita. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi sam. Dokar 1951 ta ba gwamnati ikon rufe ƙirƙirar da ta shafi tsaron ƙasa, wasu kamfanoni kuma irin su Coca-Cola sun gwammace riƙe sirrin haɗinsu, kamar marinin nan.

Mai son kwatanta ƙasashe shi ma sai ya yi hattara. A Amurka masu bincike sukan tantance ko abu sabo ne kafin a ba da takarda. A Nijeriya, bisa dokar 1970, magatakarda yakan duba cikar takardun roƙo ne kawai, batun sabunta kuwa sai in an kai ƙara kotu. Nijar kuma tana rajista ta hannun ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, tare da wasu ƙasashe 16. Takarda ɗaya a can da takarda ɗaya a nan ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba.

Takardun Alexandria duka suna kan intanet kyauta. Ikonsu a cikin Amurka kaɗai yake aiki, wadda ta cika shekara 20 kuwa ta zama ta kowa. Injiniya a Zariya ko maƙeri a Maraɗi yana iya buɗe zanen injin ɓare gyaɗa ko famfon ban ruwa da wa'adinsa ya ƙare, ya ƙera, ya sayar, muddin ba wanda ke riƙe da rajistar wannan dabara a ƙasarsa.