Hanyar Shiga Jami'a Don Koyon Ilmin Tsufa

Ran nan bayan an tashi daga aji, sai wani ɗalibi ɗan shekara ta uku ya biyo ni har bakin ofis, ya ce, "Malam, wai da gaske ne akwai ilmin tsofaffi da ake koyo a jami'a? Ashe tsufa ma sai an karanta shi?" Na tambaye shi dalili. Ya ce kakarsa ce ta rene shi, yanzu kuwa ta fara ruɗewa, takan manta sunan jikokinta, har waɗansu 'yan unguwa sun fara yi da ita. Shi abin da yake so ya sani shi ne, ko malamin makaranta kamarsa yana da hanyar shiga wannan karatu. Na amsa masa a tsaitsaye. Da na koma gida na ga amsar ba ta isa ba, shi ya sa na rubuta ta a nan don kowa ya samu.

Da fari dai a rarrabe abu biyu, domin nan ne mutane suke ruɗewa. Akwai ilmin tsufa, wanda Turawa suke kira jerantoloji. Wani masani ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, shi ya raɗa masa suna a 1903. Shi wannan yana duban tsufa ta kowace fuska: yadda jiki yake sakewa, da yadda tunani yake yi, da zaman tsoho cikin iyali, da sha'anin fansho, da dokokin gwamnati. Akwai kuma likitancin tsofaffi, wanda Ignatz Nascher ya sa wa suna a Amurka a 1909. Wannan na biyu ba a shigarsa sai mutum ya zama likita tukuna, sa'an nan ya ƙware, kamar likitocin cibiyar tsofaffi da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012. To, ɗalibinmu ba wannan ƙofa ce tasa ba. Ta farkon ce, ita kuwa a buɗe take ga malami da nas da ma'aikacin jin daɗin jama'a.

A Amurka akan fara wannan karatu tun daga digiri na farko. Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta kafa makaranta sukutum dominsa a 1975. Amma a Ingila, galibi sai wanda ya riga ya sami digiri yake shiga, ya yi digiri na biyu cikin shekara guda. Saboda haka ku da kuke neman takardar NCE, ku ɗauka tsani ne mai matakai, ba a tsallake ko ɗaya.

Matakin farko shi ne takardar sakandare. Tilas a sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, cikin zama bai fi biyu ba. Kada wani ya ce ai ya wuce nan tun da ya shigo kwaleji. Wannan takarda ba ta tsufa, ko digiri na uku za ka nema sai an tambaye ta. Wanda ya san yana da giɓi a Lissafi, gara ya cike shi yanzu da sauran ƙwaƙwalwarsa da ɗumi.

Na biyu, mai NCE yakan sayi takardar shiga kai tsaye daga hukumar JAMB, a sa shi aji biyu na jami'a, ya gama cikin shekara uku. Fannonin da suka fi kusa da ilmin tsufa su ne ilmin zaman jama'a, da aikin jin daɗin jama'a, da ilmin halayyar ɗan Adam, da aikin jinya, da ilmin manya, da jagoranci da ba da shawara. Biyun ƙarshen nan su suka fi sauƙin samu ga malami.

A nan ne nake so ku tsaya ku saurara, gama darajar digirin ita ce take buɗe ƙofa ko ta rufe. A jami'o'inmu, daraja ta biyu ta sama tana farawa daga maki 3.50 cikin 5, ta biyu ta ƙasa kuwa daga 2.40. Don digiri na biyu a Nijeriya, mafi ƙanƙanta shi ne ta biyu ta ƙasa, waɗansu ma sai sun ga 3.0. Wanda ya fita da daraja ta uku sai ya fara yin difloma ta bayan digiri, watau ya ƙara shekara guda da kuɗinta. Jami'o'in Ingila da yawa ta biyu ta sama suke nema, ko da yake sukan sassauta wa wanda ya daɗe yana aiki da tsofaffi. A Amurka galibi 3.0 cikin 4 ne. Na sha ganin ɗalibi mai ƙoƙari ya yi wasa a shekarar farko, yana cewa ya gyara gaba, alhali kuwa maki taruwa yake yi kamar bashi.

Sa'an nan a gida akan nemi takardar bautar ƙasa. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama digiri, takardar yafewa ake ba shi. Wanda ya yi karatun hutu ko na wucin gadi, kamar yadda malamai da yawa suke yi, wasiƙar cirewa yake karɓa. Lalle a riƙe ɗaya cikin ukun.

Masu son ƙetare kuma sai su nuna sun ji Turanci. Akasari maki 6.5 ne a jarrabawar IELTS, amma jami'o'in Ingila da dama sukan karɓi kiredit na Turanci a WAEC a madadinta, don haka a tambaya kafin a zuba kuɗi. Ba kuwa tilas ne a bar gida ba. Jami'ar Southampton ta yi shekaru tana koyar da wannan fanni daga nesa ta intanet, 'yan Afirka kuwa sun karanta shi da taimakon kuɗin karatu na Ƙungiyar Kwamanwel.

Sauran abu biyu su ne wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku, da takardar da mutum zai rubuta ya faɗi dalilin da ya sa yake son karatun. Ita wannan ba a cika ta da daɗin baki. Na ce wa ɗalibin nan, shekarun da ya yi yana jinyar kakarsa su ne jarinsa, ya rubuta su yadda suke. In ya ƙara da aikin sa kai a ajin yaƙi da jahilci ko ƙungiyar 'yan fansho, ya fi kyau. Wurin aiki ma ya fara samuwa, tun da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsofaffi a 2021, Cibiyar Dattawa ta Ƙasa kuma ta fara aiki a shekarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko fiye.

Na bar takarda guda sai ƙarshe, don ita ta taɓa kā da ni. Ita ce ta cikakken sakamakon darussa, wadda tsohuwar jami'arka take aikawa da kanta zuwa sabuwar. Sa'ad da na nemi digiri na biyu, na biya kuɗinta saura wata biyu a rufe karɓar takardu, ina ganin lokaci ya wadata. Sau huɗu ina hawa mota zuwa ofishin nan, kullum a ce fayil yana teburin wani. Ba ta fita ba sai bayan an rufe da mako uku, na yi asarar shekara ɗungum. Wanda ya yi niyya, ya nemi tasa tun da saura wata shida.