Hoton taurari masu nisa: Me ya sa ba babban madubin hangen nesa ne abin fara saye ba?

A daren 30 ga watan Satumban 1880, wani likita ɗan Amurka mai suna Henry Draper ya saita madubinsa na hangen nesa kan wani ɗan farin tabo da ke cikin rukunin taurarin Orion, ya bar kyamara a buɗe tsawon minti 51. Hoton ya fito dishi-dishi, amma shi ne na farko da aka taɓa ɗauka na gajimaren iskar gas a sararin samaniya.

A yau mutum zai iya ɗaukar wanda ya fi na Draper kyau nesa ba kusa ba daga tsakar gidansa. Sai dai matsalar tana nan yadda take: hasken waɗannan abubuwa yana da rauni ƙwarai, sai an daɗe ana tara shi, ita kuwa duniya ba ta daina juyawa.

A nan ne sabbin shiga da dama ke asarar kuɗinsu. Mutum ya yi tari, ya sayi ƙaton madubi, ya ɗora shi kan ƙafafu marasa ƙarfi, sai ya ga kowane tauraro ya fito a hoto ja kamar zare.

Mazauni kafin madubi

Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa. Idan aka sa wa kyamara gilashi mai tsawon milimita 200 aka kafe ta wuri ɗaya, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku taurari za su fara ja. Shi kuwa hoton gajimaren gas yana buƙatar minti ɗaya zuwa biyar a kowace ɗauka, kuma a maimaita sau da yawa.

Maganin wannan shi ne mazauni mai inji, wanda ke juya madubin a hankali daidai da tafiyar taurari. Shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗin. Ƙaramin madubi kan mazauni mai kyau zai ba da hoto. Madubi mai tsada kan mazauni mai rawa ba zai ba da komai ba.

Kowane mazauni yana da nauyin da kamfani ya rubuta zai iya ɗauka. Ƙaramin Star Adventurer na kamfanin Sky-Watcher kilo 5 ne, babban EQ6-R Pro kuma kilo 20. Amma waɗanda suka daɗe a harkar na ba da shawarar kada a wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na wannan adadi, kuma a lissafa har da kyamara da wayoyi.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba. Dole a saita mazaunin ya fuskanci tauraron arewa, wato Polaris, shi kuwa tsayinsa a sama ya danganta da inda mutum yake. A Landan yana kan digiri 51, a Kano digiri 12 kacal, a Abuja kusan 9. Wasu mazaunan idan aka kwantar da su ƙasa haka, ƙarfen da ke daidaita nauyi yakan bugi ƙafa. A duba wannan kafin a biya, domin mayar da kaya mai nauyin haka zuwa ƙasar waje ba ƙaramin aiki ba ne.

Girma ba shi ne ba

Mutane na zaton abubuwan nan ƙanana ne, sai an zuƙo su sosai. Da yawansu ba haka suke ba. Tarin taurarin Andromeda, wanda haskensa ke shafe kusan shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mana, faɗinsa a sama ya kai kusan cikakken wata shida a jere. Kaza da 'ya'yanta ma sun fi wata faɗi sau da yawa.

Madubi irin Celestron C8, mai tsawon milimita 2,032, gwani ne wajen hoton wata da duniyoyi kamar Jufita. Amma Andromeda ba za ta shiga cikinsa gaba ɗaya ba, kuma duk ɗan motsin da mazauni ya yi sai ya bayyana. Shi ya sa aka fi so a fara da ƙaramin madubi mai gilashi, wanda bakinsa bai wuce milimita 50 zuwa 80 ba, kamar RedCat 51 mai tsawon milimita 250.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce mai harafin f. Ƙaramar lamba na nufin saurin tara haske: abin da f/8 zai yi cikin minti huɗu, f/4 zai yi shi cikin minti ɗaya. Wannan ne ya sa gilashin kyamara na Samyang mai milimita 135 da f/2 ya yi suna, duk da cewa ba madubin hangen nesa ba ne ma.

Kyamara da zafi

Wanda ke da kyamarar ɗaukar hoton biki irin ta Canon ko Nikon, mai cire gilashi, ya fara da ita. Rauninta ɗaya: a cikinta akwai matata da ke tare mafi yawan jan hasken iskar haidirojin, wanda shi ne kalar yawancin gajimaren gas. Kamfanonin sun san da haka, har Nikon ya fitar da D810A a 2015, Canon kuma EOS Ra a 2019, musamman don taurari.

Babbar matsalar ita ce zafi. Idan idon kyamara ya ɗumama, sai ɗige-ɗige su cika hoton, kuma suna ninkawa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri shida. Kyamarori na musamman kamar ASI533MC Pro na kamfanin ZWO suna da na'urar sanyaya ido zuwa kusan digiri 35 ƙasa da zafin waje. Ga mai ɗauka a daren watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, wannan ya fi masa amfani fiye da yadda zai yi wa Bature. Sai dai suna buƙatar kwamfuta da batir mai ƙarfin volt 12 da zai kwana yana aiki.

Manhajojin haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya, irin su Siril da DeepSkyStacker, kyauta ne.

Ga wanda duk wannan ya yi wa yawa, a 2023 ZWO ya fitar da Seestar S50 kan kusan dala 500. Madubi da kyamara da mazauni duk a haɗe suke, da waya ake sarrafa shi. Hotonsa bai kai na kayan da aka harhaɗa ba, kuma ba a iya sauya masa madubi ko kyamara, amma a daren farko mutum zai ga gajimaren Orion a fuskar wayarsa.

Shi Orion ya fi fitowa da kyau da daddare daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin hunturu. A daren da hazo ya rufe sama, gara a bar kayan a jaka. Idan kuma ƙura ta hau gilashi, kada a goge da gefen riga, domin za ta kankare shi; a hure ta da 'yar robar busa iska tukuna.