Ko Ka San Ba Harshen Wuta Ke Gasa Tsire Ba?

Duk wanda ya tsaya a gaban tukubar mai tsire a Gyadi-Gyadi da ke Kano bayan la'asar ya ga abin mamaki, sai dai sabo ya hana shi lura. Wutar tana tsakiya, tsinkayen kuma an kakkafa su a toka sun kewaye ta, kowanne ya ɗan rusuna. Babu wanda ke bisa wutar, babu wanda harshenta ke lasa. Kowa ya san iska mai zafi sama take yi, kamar yadda hayaƙi ke yi. To me ke gasa naman da ke tsaye a gefe? Wani haske ne da ido ba ya gani, wanda garwashi ke fitarwa ta kowace fuska, yana tafiya a miƙe kamar hasken fitila. Ɓangaren da ya fuskanci garwashin shi ne ke nuna, na baya kuwa yana cikin inuwa, shi ya sa hannun mai tsire ba ya hutawa da juyi. Tukuba da kurfotin da ke tsakar gidajenmu na'urori ne na haska abinci, kuma wanda ya gane haka zai iya gasa abin da bai taɓa tunanin ɗorawa a waya ba.

Wanda ya fara kama wannan haske shi ne William Herschel, masanin taurari haifaffen Jamus da ya zauna a Ingila. A shekarar 1800 ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, launuka suka fito jere kamar na bakan gizo, ya riƙa auna zafin kowanne. Da ya matsar da ma'aunin zafin gaba da ja, inda babu wani launi da ido ke gani, sai zafin ya fi na ko'ina. Abin ban sha'awa, mesa ta riga shi sanin wannan: tana da ƙananan ramuka a leɓenta da take jin ɗumin jikin dabba da su cikin duhu. Mu fatarmu ce kawai ke shaida, kamar yadda fuska ke ɗaukar zafi in an matso kusa da tukuba alhali ƙeya tana shan iska.

Ƙarfin wannan haske ba a hankali yake ƙaruwa ba. Josef Stefan ya nuna a 1879 cewa idan zafin abu ya ninka sau biyu, a ma'aunin da masana ke farawa daga ƙarshen sanyi, hasken zafin da yake fitarwa ninki 16 yake yi. Nan sirrin mafici yake. Dubi mai gasa masara a bakin Kasuwar Tarauni: fifita biyu zuwa uku, garwashin ya tashi daga ja mai duhu zuwa jawur, nan take ƙwayoyin masarar su fara ƙara suna yin ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Wani zai ce ai harshen wuta ma zafi gare shi. Gaskiya ne, amma harshen itace ko na gawayin da bai gama kamawa ba ɗauke yake da baƙin hayaƙi, yana kaɗawa inda iska ta kai shi, ya babbake wuri ɗaya ya bar ciki ɗanye. Don haka ake jira wuta ta faɗa, gawayi ya yi furfurar toka, kafin a ɗora komai.

Yanzu mu shiga gida. A bazara, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, salak na cikin abin da rai ke so, amma kowace uwa ta san yadda ake ƙarewa da shi: yara sun tsince ƙwai da wake, sun ture albasa da tattasai gefen faranti, maigida yana tambayar ina naman. Dafawa ba ta gyara wannan, domin ruwa ba ya wuce maki 100 a tukunya komai daɗewar tafasarsa. Ƙamshin gashi kuwa sai wajen maki 140 yake fara tasowa da sauri, lokacin da sukari da furotin da ke jikin abinci suke haɗuwa, abin da likitan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Hasken garwashi busasshen zafi ne, yana ƙone laimar da ke saman abinci ya haura wannan iyaka cikin 'yan mintuna. Albasa ce ta fi nuna bambancin. Yajinta da hawayen da take sawa daga sinadaran farar wuta suke, waɗanda ke tashi in an yanka ta; zafi yana kashe abin da ke tayar da su, sai zaƙin da ke ɓoye ya fito. A yanka ta da kauri, zobe-zobe, a tsire ta a tsinke don kada ta warwatse. Tattasai a ɗora shi sukutum har fatarsa ta yi bororo, a rufe shi a kwano ya yi gumi, fatar za ta saɓule da yatsa. Tumatir a raba biyu, masara a gasa a ɓare ƙwayoyin. Latas da kokwamba su kam ba ruwansu da wuta, a bar su da sanyinsu a zuba gasassun a kai, a barbaɗa garin ƙuli da lemon tsami kamar za a yi kwaɗo.

Akwai masu cewa duk wannan bayani ne kawai, daɗin gashi daga ƙamshin gawayi yake. Gawayin da ya kama sosai kusan ba shi da ƙamshi, don tun a ramin da aka ƙone shi aka kore yawancin abin da ke ba itace hayaƙinsa. Ƙamshin balangu da ke tare mutum daga nesa a Titin Zariya, kitse ne da romo ke ɗiga a garwashi, su ƙone, hayaƙinsu ya koma jikin naman. Kayan lambu ba su da kitse, saboda haka a shafe su da man gyaɗa kaɗan, ko a gasa su kusa da tsokar kaza, wadda za a yayyanka a ciki daga baya, maigida ya samu amsar tambayarsa.

Ƙorafi mai nauyi shi ne na masu cewa amfanin salak a ɗanyensa yake. Suna da rabin gaskiya: zafi yana rage bitamin C. Amma gashin mintuna kaɗan ba ya tsiyaye shi cikin ruwan da za a zubar kamar yadda dafuwa ke yi, jan sinadarin tumatir ma jiki ya fi ɗaukarsa bayan ya ji wuta, kuma albasar da aka ture gefe ba ta amfani kowa ba. Wurin da ya ƙone ƙurmus dai a kankare shi. Kurfotin kuma a bar shi a tsakar gida ko da hadari ya haɗo, domin gawayi yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke kashe mutum a rufaffen ɗaki.