Lambobin da ke kan takardar likita: me ya sa bai kamata mu yi wasa da su ba?

Daga Zermu zuwa ƴan uwa da ke Kano, Aljeriya, Faransa da Amurka, yau za mu duba ƙananan haruffa da lambobin da kan biyo sunan cuta a takardar asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba kowace cuta lamba a kundinta CIM-10, wanda aka amince da shi a 1990. Amosanin jini, wato sikila, lambarsa D57. Cututtukan da ke hana jiki sarrafa abin da ya shige shi, waɗanda da yawansu na gado ne, suna tsakanin E70 da E90. A cikinsu akwai cutar Gaucher, mai kumbura saifa da hanta, wadda ke ƙarƙashin E75.2. Irin wannan, in uba da uwa duka suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki na da kashi 1 cikin 4 na zuwa da yaro mai cutar. Shi ya sa ake jan hankali kan auren zumunci.

Magani ma da tasa lambar. Maganin Gaucher, imiglucerase, ana sa shi ta jijiya, galibi bayan kowane mako biyu, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. A Amurka asibiti na neman kuɗinsa daga kamfanin inshora da lambar J1786, wadda ke ƙirga awo 10-10. Kwalba mai awo 400, ke nan 40 za a rubuta. In lambar cuta da ta magani ba su dace ba, kamfanin na iya ƙin biya.

To mu nan ina ruwanmu? Akwai ruwanmu. Yaron da aka turo daga Zermu zuwa Mirriya, har babban asibitin Zinder ko Yamai, takardarsa ce bakinsa. Ita ce kuma ɗan uwa na waje zai nuna wa likita ko mai farmasi.

Saboda haka, ku roƙi likita ya rubuta cikakken sunan cutar da lambarta, da sunan maganin na asali, ba na kamfani kaɗai ba, da yawan awon da za a ba yaro. Ku ɗauki hoton takardar ku aika ta WhatsApp. Kada a tsaya ga “ɗan farin ƙwaya nan”. Masu aikowa kuma ku tambaya ko maganin na buƙatar sanyi, don zafin hanyar Damagaram na lalata wasu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.